Dutse Biyu, Kallo Biyu: Sharhi Kan Zanen Friedrich da na Dala

Wajen shekarar 1818 wani Bajamushe mai zane, Caspar David Friedrich, ya yi hoton da ake kira Matafiyi a Bisa Tekun Hazo, wanda yanzu yake ajiye a gidan adana zane-zane na birnin Hamburg. Mutum guda ne a tsaye kan tsaunin dutse, riƙe da sanda, ya juya mana baya. A gabansa hazo ya lulluɓe komai, sai kawunan duwatsu da suka leƙo nan da can. Masu zanen wancan zamani, wato zamanin Romantik, sun ɗauki dutse da sararin sama a matsayin madubin zuciyar ɗan Adam.

Ƙarfin wannan hoto yana cikin abin da ya ɓoye. Tun da ba mu ga fuskar mutumin ba, ba mu san ko murna yake ko baƙin ciki ba, don haka tilas mu ara masa namu halin. Hazon kuma ya hana mu ganin hanyar da zai bi in ya sauko. Wanda ya taɓa bin hanyar Kankia zuwa Kusada da sassafe a lokacin hunturu ya san irin kaɗaici da fargabar da hazo ke jefawa a rai.

To, mu kwatanta shi da wani hoto na ƙasarmu. A farkon shekarar 1851 Heinrich Barth, haifaffen Hamburg wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya baro Katsina, ya ratsa ta Kusada, ya shiga Kano. Ya zana birnin daga kan Dala, daga baya mai zane Johann Martin Bernatz ya ƙawata zanen don littafin tafiyarsa na 1857. A nan komai a fili yake: soraye, bukkoki da itatuwan dabino. Hoto ne mai daraja ga tarihi, amma idon baƙo ne mai ƙididdiga, wanda ya ƙiyasta mutanen garin 30,000. Dala a wurinsa matakala ce kawai. Babu Barbushe a ciki, babu Tsumburbura, babu kwarjinin da dutsen ke da shi a zukatan Kanawa.

Galibin littattafanmu sun fi kama da hoto na biyu. Mukan lissafa dutse, rafi da tsuntsaye a shafin farko, sannan mu watsar da su mu shiga labari, ba tare da sun taɓa zuciyar kowa ba. Kafin marubuci ya hau da tauraronsa kan dutse, ya kamata ya tambayi kansa: me wannan mutum ya ɗauko a ransa, me kuma ya kasa hangowa daga can sama? In babu amsa, gara a bar dutsen inda yake.