Rubutun Kare Ra'ayi a Makarantun Adar da Majiya: Sharhi

A makarantun sakandare na gundumomin Madawa, Buza da Keita, kamar a sauran Nijar, da Faransanci ake koya wa ɗalibi rubutun kare ra'ayi, bisa tsari mai kashi uku: ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, sa'an nan ya sasanta su. Da shi yake shiga jarrabawar bakaloriya. Tsarin yana da amfani, domin yana tilasta wa yaro sauraren abokin gardama. Aibinsa shi ne an ɗauke shi tamkar ba wata hanyar kafa hujja sai shi.

A ɗauki batun da ya shafi gidaje da yawa a wannan yanki: saurayi ya ci gaba da karatu, ko ya tafi ci-rani Abijan? A zaure, da Hausa, ɗalibi yakan kawo hujjoji masu nauyi: rumbun da ke ƙarewa tun bazara, kuɗin da wansa ke aikowa, maƙwabcin da ya gama makaranta bai sami aiki ba. A takarda kuwa sai ya jera jimlolin da ya haddace a kan darajar ilimi.

Hausa tana da kayan aikin gardama. Wanda ya ce "karatu kam yana da amfani, amma gero ake ci" ya riga ya sallama wa abokin magana rabin batu da kalma guda, wato "kam". "Ai" tana jingina hujja ga abin da kowa ya sani, "kuwa" tana gwama abu biyu, "ashe" tana nuna gano kuskure, "ke nan" tana rufe zance. Sai dai littattafan yaƙi da jahilci galibi sun tsaya ga labari, lissafi da gargaɗi.

Tun taron Bamako na 1966 ake gyaran ƙa'idojin rubutu. An buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram cikin 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi, a watan Maris 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka ba a horar da ɗalibin sakandare ya kare ra'ayi a rubuce da harshensa.

Aiki uku ke jiran masu tsarawa. A naɗi muhawarorin fada da kasuwa, a tsamo yadda ake ɗaura hujja da hujja. A tsai da sunayen sassan rubutun. A kuma yanke hukunci game da karin Adar, wanda Bernard Caron ya bayyana nahawunsa cikin 1991: in yaron Keita ya rubuta "munka" da "sunka", a san ko mai gyara zai ƙirga su kuskure.