Hukuncin "Ya Wuce Ganiyarsa" a Tarihin Damben Masu Nauyi

A cikin littattafai da jaridun da ke ba da tarihin damben Turawa akwai wani hukunci da marubuta suka saba yankewa duk sa'ad da wani gwarzo na ajin masu nauyi ya sha kaye a karawar kambin duniya. Sai su ce, ai ya riga ya wuce ganiyarsa. Nufin wannan ɗan bayani shi ne a auna wannan hukunci, a ga inda yake da madogara, da kuma inda ya zama ihu bayan hari.

Aibinsa na farko shi ne kewaye. In aka tambayi marubuci abin da ya sa wane ya faɗi, sai ya ce don ya wuce ganiyarsa. In aka ce masa, da me ka gane haka, sai ya ce, ai ga shi ya faɗi. Mai irin wannan hujja kamar akuya ce a turke: tana ta tafiya, amma ba ta bar inda take ba.

Waɗansu kuwa, don su guje wa wannan, sai su kama ƙidayar shekaru. Ita ma ba ta fisshe su ba. Jersey Joe Walcott ya ci kambin a 1951 yana da shekara 37, kuma a 1952 shi ke gaba da maki a kan Rocky Marciano har zuwa turmi na 13, inda naushi guda ya kwantar da shi. George Foreman ya buge Michael Moorer a 1994 yana da shekara 45. Sa'an nan a 2002, da Lennox Lewis ya kayar da Mike Tyson a turmi na 8, an yi ta cewa tsufa ne ya ci Tyson, alhali kuwa Lewis ya girme shi da watanni.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na Muhammadu Ali a Kinshasa cikin 1974. Shekarunsa 32, kuma saurin ƙafar da aka san shi da shi ya ragu tun bayan hana shi dambe da aka yi daga 1967 zuwa 1970. Foreman kuwa shekarunsa 25, ba a taɓa cin sa ba, ya kuma gama da Joe Frazier da Ken Norton kowanne a turmi na 2, su biyun nan kuwa duk sun taɓa cin Ali. Da Ali ya faɗi a daren nan, lalle da an rubuta cewa zamaninsa ya wuce, ba kuwa mai musu. Sai ya jingina da igiya, ya bar Foreman ya ƙarar da ƙarfinsa, ya buge shi a turmi na 8. Wannan ya nuna ganiya ba aba ɗaya ba ce. Sauri shi ke fara tafiya, nauyin hannu yakan daɗe, dabara kuwa ƙaruwa take yi.

To, da yake haka ne, ƙa'idar da ta kamata ita ce: kada a karɓi wannan hukunci sai da shaidar da ta bayyana tun kafin a shiga fage. Shaidun kuwa uku ne. Na ɗaya, tsawon zaman da ɗan dambe ya yi ba karawa. Na biyu, alamun raguwa a karawarsa ta baya-bayan nan. Na uku, halin jikinsa da dalilin da ya komo da shi.

Bari mu gwada su. Jim Jeffries, wanda Jack Johnson ya ci a garin Reno na Amurka ran 4 ga Yuli 1910, rabonsa da karawa tun 1904, kuma sai da ya zubar da ƙiba mai yawa kāna ya iya shiga fage. Jack Dempsey bai kare kambinsa ba tun 1923 har Gene Tunney ya karɓe shi a 1926. Joe Louis, wanda ya kare kambi sau 25, Walcott ya kai shi ƙasa sau biyu a 1947, da ƙyar alƙalai suka ba shi nasara. Ya yi murabus a 1949, sa'an nan bashin haraji ya komo da shi a 1950, Ezzard Charles ya ci shi da maki bayan turmi 15. Shi kuma Ali, kafin ya kara da Larry Holmes a 1980, likitansa Ferdie Pacheco ya rabu da shi tun 1977 don ya ƙi barin dambe. A 1978 Leon Spinks, mai karawa 7 kacal a damben sana'a, ya ci shi. Bayan ya rama kuwa sai ya zauna shekara biyu. A kan waɗannan huɗu hukuncin ya tabbata, domin ko da ba mu san yadda aka ƙare ba, shaidun suna nan.

Amma a ɗauki Tyson a Tokiyo cikin 1990, inda Buster Douglas ya buge shi a turmi na 10. Shekarunsa 23, bai yi dogon zama ba, kuma watanni bakwai kafin nan ya gama da Carl Williams tun a turmin farko. Ba shaida ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da za a iya faɗa shi ne sakaci wajen shiri, da kuma abokin karawa wanda ya fi shi a ranar. Sakaci kuwa yana gyaruwa. Wucewar ganiya ba ta da magani. Marubucin da ya gama su wuri ɗaya ya ɓata wa mai karatu lissafi.

Akwai kuma abin lura ko a inda hukuncin ya tabbata. Cewa wanda ya faɗi ya ragu ba ta nuna cewa da yana ganiyarsa da ya ci ba. Wannan tambaya ce dabam, wadda ba mai iya amsa ta. Duk da haka da ita aka tauye wa mutane hakkinsu. Charles ya daɗe a inuwar Louis, Holmes kuwa, da ya riƙe kambi daga 1978 zuwa 1985, an fi tuna shi da dukan da ya yi wa tsohon Ali. Ga Johnson abin ya fi muni, gama shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kambi, kuma uzurin da aka nema wa Jeffries ya yi wa masu ƙin fatarsa daɗi.

Babbar hasara dai tana kan tsohon gwarzon kansa. Shaidun nan uku a fili suke kafin a tara jama'a, amma a lokacin 'yan kaɗan ne ke faɗa, domin sunan gwarzo shi ke kawo kuɗi. Ali ya sha duka turmi 10 kafin mai horar da shi, Angelo Dundee, ya tsayar da karawar. Hukuncin da aka yanke washegari bai rage masa naushi ko ɗaya ba.

Malaman da ke koya wa ɗalibai auna magana za su sami abin aiki a nan. A ba ɗalibi tarihin 'yan dambe biyu har zuwa jajiberin karawa, a ɓoye masa sakamako, a ce ya yanke hukunci ya kawo dalili. Abin da ya iya faɗa a lokacin shi ne nazari. Wanda ya jira sai da aka ɗaga hannun wani, labari kawai ya maimaita.