Tsutsar Sulston da Mutuwar da Ke Gina Jiki

Duk yaron da ya taɓa wasa a bakin kududdufi a Lajawa da damina ya ga ɗan kwaɗo da wutsiya, bayan ɗan lokaci kuma babu ita. Ba tsinkewa ta yi ba. Ƙwayoyin halittarta ne suka kashe kansu bisa umarnin da ke rubuce a cikinsu. Mutumin da ya ƙirga irin wannan mutuwa ɗaya bayan ɗaya, John Sulston, shi ne ya ba da labarin rayuwarsa a littafin The Common Thread, wanda suka rubuta da Georgina Ferry, ya fito a 2002.

Inda littafin ya fi armashi shi ne farkonsa. A 1969 Sulston ya shiga ɗakin binciken Sydney Brenner a Kambirij ta Ingila, aka haɗa shi da wata tsutsa, C. elegans, mai tsawon milimita guda. Jikinta garai yake, ana hango cikinsa. Ya duƙufa a kan madubin likita yana zana yadda kowace ƙwaya ke rabewa biyu, har ya kammala salsalarsu a 1983: ƙwayoyi 1090 ake samarwa, 131 su mutu, 959 su rage, kuma kullum waɗannan 131 ɗin dai su ke mutuwa. Babu fariya a yadda ya faɗi wannan. Haƙuri ne zalla, da ido da fensir.

Sai dai daga nan littafin ya karkata ga aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da rigimarsa da kamfanin Celera na Craig Venter. Gaskiyarsa ce da ya dage cewa gadon kowa ne, ba hajar kasuwa ba, amma bakin ɓangare ɗaya muka ji, kuma ya ja zancen da tsawo. Mai son sanin yadda Robert Horvitz ya gano ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin mutuwar, ced-3 da ced-4, da alaƙar lamarin da ciwon daji, sai ya nema a wani wuri. Sulston da Brenner da Horvitz ne suka raba kyautar Nobel ta 2002.

Ɗaliban ilimin halittu a jami'ar Aliko Dangote ta Wudil su fara da babin tsutsar.