Jinjina ga Kanikawan Agadas

Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Dirku a Hilux ko Land Cruiser, ya sauka ƙugunsa lafiya, ya gode wa kanikawa da masu faci. Su suka san taya mai cike tam da iska nutsewa take yi a rairayin Tenere, a gargada kuma ta jijjiga fasinja. Sai su rage mata iska ta shimfiɗe. In za a hau kwalta a mayar, kada ta yi zafi ta fashe.

Sifirin kuwa, ba sa ƙara masa falle sai sun ji nauyin lodin, don mai tauri tsalle yake sa mota in ba kaya. Allah ya yi wa hannuwanku albarka!