Nazari a Kan Koya wa Yara Ƙera Mutum-mutumi

Wannan hanya ta tarbiyya, wadda ake ba yaro batir da waya da ɗan ƙaramin inji a ce ya haɗa abin da zai motsa da kansa, ko da yake yau ta bazu a makarantun duniya, asalinta yana komawa ne ga wani malamin lissafi, Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi shekaru a birnin Janeba tare da Jean Piaget, masanin yadda hankalin yara ke girma, kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967 shi da abokan aikinsa suka ƙago harshen kwamfuta mai suna Logo, daga baya kuma suka haɗa masa wata 'yar na'ura mai tayoyi da suka kira kunkuru, wadda ke yawo bisa takarda tana jan alƙalami.

Kunkurun nan ba ya da wayon kansa, sai abin da aka umurce shi. Idan yaro yana son ya zana murabba'i, tilas ya ce masa ya yi gaba, ya juya dama digiri 90, ya maimaita haka sau huɗu. In kuwa ya ce 80, layin ƙarshe ba zai haɗu da na farko ba, kuskuren ya fito fili ba tare da malami ya ɗaga murya ko bulala ba. A nan Papert kan sa yaron ya tashi ya taka siffar da ƙafarsa, yana lura da abin da jikinsa ke yi, sa'an nan ya koma ya gyara umurnin. Hikimar al'amarin ke nan: kuskure ya daina zama abin kunya, ya zama abin bincike, yaro kuma ya fara nazarin tunaninsa. Wannan ra'ayi ya bayyana a littafinsa Mindstorms na 1980, wanda kamfanin LEGO ya ari sunansa ya sa wa kayan haɗa mutum-mutumi da ya fitar a 1998.

Tun daga nan kayan suka yawaita, farashinsu ya sauko: allon Arduino ya fito a Italiya a 2005, a 2016 kuma BBC ta raba allon micro:bit kyauta ga ɗalibai kimanin miliyan guda a Birtaniya. Amma yalwar kaya ta zo da illarta, domin galibin akwatunan nan suna tafe da ɗan littafi mai nuna kowane mataki, har ka ga aji guda ya ƙera motoci iri ɗaya sak, iyaye suna tafi, alhali babu yaron da zai iya faɗin dalilin da ya sa tayar hagu ta tsaya. Wannan taƙlidi ne tsantsa. Ba a musun cewa kwaikwayo yana da gurbi a farkon kowace sana'a, tun da al-Jazari, gwanin ƙera na'urori na zamanin da, a littafin da ya kammala a 1206, ya bayyana ƙirar na'urori kimanin 50 daki-daki don wani ya iya yin irinsu. Sai dai shi ya ɗauki aikin magabata ya gyara ya ƙara, kuma wannan ijtihadi shi ne abin da ake nema yaro ya kai gare shi.

Saboda haka ƙaramin aiki da yaro ya fahimci kowane sashe nasa ya fi babban akwati mai tsada fa'ida. A yanke kan burushin goge haƙori, a manna masa injin nan da ke sa wayar hannu girgiza, a haɗa da batir mai kama da kwabo, sai ga abu yana gudu a kan tebur. In ya kife, yaro ya gane nauyi ya rinjayi gefe guda, in ya ƙi tashi, ya bi waya ya nemo inda ta tsinke. Daga nan a hau zuwa motar da ke bin baƙin layi da idanu biyu na lantarki, inda zai koyi sharaɗi da jawabinsa: in idon dama ya ga baƙi, juya dama. Yaranmu da ke ƙera motar kara da ta langa-langa, suna yanka tsohon silifa su yi taya, sun riga sun mallaki rabin wannan ilmi. Abin da ya rage musu batir ne da malami mai haƙuri.

Haƙurin kuwa shi ne mafi wuya, domin hannun babba yana ƙaiƙayi idan ya ga gyara a fili. Malamin da ya karɓe na'urar ya gyara ya sami mota mai tafiya, amma ya hana yaron darasinsa. Wajibinsa ya riƙe hannunsa, ya tambayi yaron me ya zaci zai faru, me kuma ya faru, ya bar shi ya nemo sababin bambancin.