Fuskar da Amawali Ya Rufe: Tsokaci a Kan Nunin Hotunan Shehu Ahmadu Bamba

A shekarar 2003 gidan adana kayan fasaha na Fowler, da ke Jami'ar Kalifoniya a birnin Los Angeles, ya baje kolin wasu zane-zane na ƙasar Sanagal da sunan A Saint in the City, wato waliyyi a cikin birni. Masana biyu, Allen Roberts da Mary Nooter Roberts, su ne suka tsara shi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, akasarin ayyukan da aka nuna sun tsiro ne daga hoto ɗaya tak, na Shehu Ahmadu Bamba (1853-1927), wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya.

An ɗauki hoton a 1913 a garin Jurbel, inda Faransawa suka yi wa Shehun ɗaurin talala bayan sun kai shi gudun hijira Gabon da Muritaniya. Yana tsaye cikin farar riga, rana ta ƙwalle, amawali ya rufe masa baki, inuwa ta cinye idanu. Ba a ganin hannuwansa, ƙafa ɗaya ma ta ɓace a cikin inuwa. Ga mai mulkin da ke son ya shaida fuskar wanda yake tsaro, wannan hoto bai biya bukata ba. Ga muridi kuwa, nan ne taskar take: abin da ya bayyana shi ne zahiri, abin da ya ɓuya shi ne baɗini, kuma waliyyi ba ya ƙarewa a abin da ido ya gani.

Da wannan ma'auni muka auna masu zanen. Mor Gueye, gwanin zane a bayan gilashi, ya fi karkata ga labarin karamomi, musamman sallar da muridai suka ce Shehun ya yi a kan teku lokacin da aka hana shi yin ta a jirgi. Aikin yana da tsabta da daɗin launi, sai dai yana gaya wa mai kallo komai, bai bar masa abin da zai nema da kansa ba. Assane Dione ya fi burge mu. Shi fuskar yake matsowa kusa, ya maimaita ta sau da yawa, amma duk kusancin bai sa ya yaye amawalin ba. Iya matsowarka, iya yadda mutumin ke nisa da kai. A ganinmu wannan kamewa ita ce gwanintarsa.

Papisto Boy kuwa bango ya samu, na wata masana'anta a unguwar Bel-Air ta Dakar, ya jera Shehun tare da Bob Marley da Malcolm X da Nelson Mandela. Wani malami zai ɗaure fuska, mu ma da farko mun yi turus. Amma talakan Dakar ne ke faɗin ko shi wane ne: Musulmi, baƙar fata, jikan waɗanda aka mallaka, kuma bai ga dalilin raba waɗannan uku ba.

Inda muke da ja shi ne batun wuri. Masu nunin sun sake gina ɗakin wani malamin muridai na Dakar, wanda hotunan waliyyai suka lulluɓe bangonsa. Niyyar mai kyau ce, amma a Dakar shafar hoton ake yi a shafa a goshi don tabarruki, a gidan nuni kuwa baƙo ya zo ne ya kalla ya wuce. An ɗauko kwarya an bar furar a gida. Mai karatu da ya saba ganin hoton Shehu Ibrahim Inyass a gaban motar haya a Kano ko a shagon tela a Agege ya san ba don ado kawai aka liƙa shi ba, ya kuma san akwai malaman da ba su yarda da liƙa shi ba sam.

Wani abu ya faru bayan nunin. A 2023 aka yi gwanjon wasu tsofaffin hotuna a birnin Lyon na Faransa, waɗanda aka ce na Shehun ne a 1918, muridai suka haɗa kuɗi suka saye su. Ke nan hoton 1913 ya daina zama tilo. Mai zanen da ya tashi a yau yana da zaɓin da Dione ba shi da shi sa'ad da ya yi waɗancan ayyuka, kuma muna ɗokin ganin ko zai bar amawalin a inda yake.