Giɓin Jaridun Jam'iyyu a Tarihin Rubutun Hausa: Misali Daga Gombe

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta ga wani giɓi da ke cikin tarihin aikin jarida da harshen Hausa, wato rashin ba takardun jam'iyyun siyasa matsayin da ya dace da su.

A farkon ƙarni na 20 babu jam'iyyar siyasa a Arewa. A Ikko ne Herbert Macaulay ya kafa NNDP a 1923, jaridar Lagos Daily News kuma ta zama kakakinta. A nan Arewa, hukuma ce ta riga jam'iyyu mallakar maɗaba'a. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, shekara 11 kafin kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. NPC kuwa sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa.

Idan aka ɗauki Gombe, wadda a lokacin take ƙarƙashin Lardin Bauchi, za a ga illar wannan fifiko. Jaridar lardin, Zumunta, ta hukumar NORLA ce, don haka harshenta na wayar da kai ne da ladabi ga mahukunta. Muryar adawa kuwa ta dogara ne ga Daily Comet, jaridar kamfanin Azikiwe da ke fitowa daga Kano, da ƙananan takardu na boko da ajami, da waƙoƙin da ake rerawa a dandalin lacca. Mai ilimi ɗaya kan karanta, jama'a su saurara, su haddace.

To, abin da hukuma ta buga shi aka fi adanawa. Saboda haka manazarcin da ya tsaya ga jaridun gwamnati kaɗai zai zaci Hausar siyasa ta wancan zamani mai sanyi ce, alhali a bakin 'yan jam'iyya ne kalmomi irin su talakawa da sawaba da salama suka sami sabuwar ma'ana mai kaifi.

Daga ƙarshe, ya wajaba sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa gwiwa da Gidan Mambayya a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, su bi tsofaffin gidajen siyasa na Gombe su tattaro abin da ya rage, tun kafin gara da mutuwa su gama cinye shaidar.